Maganin ƙanjamau kyauta aka ba ni, na daji sai da gonar Goggo ta tafi jingina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi garinmu ba, wanda ya bi labarin zai gane dalili. Abin da zan iya faɗa shi ne ni mace ce, an haife ni a 2001 a wani gari a nan Arewa, kuma ɗinki ne sana'ata. Da cutar HIV aka haife ni. A 2023 kuma likita ya tabbatar mini ina da ciwon daji. Ina raye, alhamdu lillahi. Na daɗe ina son in rubuta yadda aka yi, domin na san irina da yawa da suka bi wannan hanya, wasu ba su kai ga ba da labari ba.

Mahaifiyata ta rasu a 2005, mahaifina ya bi bayanta ba da jimawa ba. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. A 2006 ne gwamnatin tarayya ta mayar da maganin ƙanjamau kyauta, wato shekara guda tsakaninsa da rasuwar mahaifiyata. Har yau in na tuna wannan sai in yi shiru. Goggo, yayar mahaifina, ita ta ɗauke ni. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, da shi ta rene ni tare da ɗanta da nake kira Yaya. Ina ƙarama ban cika lafiya ba, yau kunne na zubar da ruwa, gobe ƙuraje, jibi gudawa. Wata nas ce ta ja Goggo gefe ta ce a yi mini gwaji. Daga nan na fara shan magani, Goggo tana ce mini na ƙarin jini ne. Sai da na kai shekara 13 aka zaunar da ni a ofishin mai ba da shawara aka faɗa mini gaskiya. A hanyar komawa gida Goggo ta ce, "'Yar nan, ba ke kika jawo wa kanki ba, ba kuma uwarki ce ta so ba. Ki sha maganinki, ki riƙe bakinki, sauran na Allah ne." Da wannan magana na girma.

Wanda bai taɓa shiga sashen masu HIV ba, bari in ba shi labarinsa, don sai ya san shi zai fahimci abin da ya same ni daga baya. A can kowa da lambarsa da katinsa. Magani kyauta ne, gwajin yawan ƙwayar cutar a jini kyauta ne. In jikinka ya daidaita sai a ba ka maganin wata uku ko shida a tashi ɗaya. In ranarka ta zo ba a gan ka ba, kafin mako ya fita wayarka za ta yi ƙara. In ba ka ɗauka ba, wani zai zo har unguwarku cikin kayan gida, kamar baƙo, ba wanda zai gane daga ina yake. Mu matasa muna da ƙungiyarmu da ake kira OTZ, mukan haɗu ranar Asabar, takenmu uku ne: kada a tsallake ranar asibiti, kada a tsallake shan magani, kada a bar ƙwayar cuta ta ɗago kai a jini. Da aka kawo sabon haɗin nan na TLD sai abin ya ƙara sauƙi, ƙwaya ɗaya tak a rana. Yawancin kuɗin daga waje yake zuwa, daga shirin PEPFAR da shugaban Amurka Joj Bush ya kafa a 2003, da kuma asusun Global Fund. Ƙidayar da aka yi a 2018 ta nuna mu kusan miliyan 1.9 ne a Najeriya. Ni dai shekara da shekaru sakamakon jinina yana fitowa da kyau, har ni ake sawa in yi wa ƙanana nasiha.

Wajen ƙarshen 2022 na ji kaluluwa a gefen wuyana na hagu, sama da ƙashin kafaɗa. Ba ta ciwo. Na ɗauka irin wadda takan fito ne in haƙori ya motsa. Ba ta tafi ba, sai ma ta samu 'yar'uwa. Sannan zufa ta fara, irin wadda zan farka cikin sanyin hunturu in tarar zanin gado ya jiƙe sharkaf. Zazzaɓi yakan zo da yamma ya tafi da asuba. Ƙaiƙayi ya dame ni ba tare da ƙurji ko ɗaya ba. Siket ɗin da na ɗinka wa kaina da ƙaramar Sallah sai da na rage masa ƙugu.

Na kai kukana sashenmu. Aka karɓi majina aka sa a na'urar gwajin tarin fuka, ba a ga komai ba. Aka yi hoton ƙirji. Daga ƙarshe aka ce tibi ce, wato tarin fuka, amma ta kaluluwa, irin wadda ba ta cika fitowa a majina ba, aka ɗora ni a kan maganin wata shida. Shi ma kyauta ne. Saboda ɗaya daga cikin ƙwayoyin, rifamfisin, yana rage ƙarfin maganin HIV ɗina, sai aka ƙara mini wata ƙwayar maganin HIV mai suna dolutegirabir da zan riƙa sha da safe ban da ta dare. Fitsarina ya koma ja-ja, aka ce haka maganin yake yi. Lokacin ne kuma aka yi canjin kuɗi na farkon 2023, tsabar kuɗi ta ɓace a hannun mutane, cinikin Goggo ya tsaya cik. Muka yi ta godiya ga Allah da ciwon ya zama wanda ba a biyan kuɗin maganinsa.

Ba na riƙe wanda ya ce tibi ce a zuciyata. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu HIV a duniya, kuma alamominsa su ne dai waɗannan: kaluluwa, zufar dare, zazzaɓi, rama. Amma akwai wani abu da na gane daga baya. Gwajin tibi yana nan a ɗakin da ke kusa, kyauta. Maganinta yana nan a cikin kabad, kyauta. Gwajin da zai nuna daji kuwa sai an tafi birni, an yanka, an biya. Ma'aikacin da ke kallon marainiya da tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ya san wanne ne za su iya. Haka ake yi wa mutane da yawa maganin ciwon da ba shi ne da su ba, wata biyu, wata huɗu, wata shida, shi kuwa ainihin ciwon yana ta cin jiki.

Na sha maganin nan har ƙarshe ban tsallake ba. Kaluluwar ba ta ragu ba, wata ma ta fito a hammata. Wata likita matashiya da aka turo hidimar ƙasa ce ta taɓa wuyana da kyau, ta daɗe tana latsawa, ta ce wa Goggo, "Mama, wannan ba ta yi mini kama da tibi ba. Ku daure ku je asibitin koyarwa a ciro guda a duba." Ta rubuta mana takarda.

A gida aka yi ca. Da jin an ambaci yanka sai dangi suka ce in dai daji ne to ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi da wuƙa ko allura zai fantsama. Aka kawo saiwoyi, aka kawo garin shafawa, aka ba da sunan wani mai magani a wani ƙauye. Goggo ta saurari kowa, ta karɓi rubutu da tofi ta ba ni na sha, sauran kuwa ta ajiye. Ta ce, "Asibiti ne ya riƙe mini yarinyar nan tun tana shekara bakwai. Ba zan juya masa baya yau ba." Su ba su san abin da take nufi ba, ni na sani.

Da farko allura aka sa aka zuƙo ruwan kaluluwar, sakamako ya fito bai nuna komai a fili ba, kuɗin ya tafi a banza. Sai aka ciro guda ɗungurungum. Muka jira makonni. Da ya fito aka ce akwai wani ƙarin gwaji da za a yi wa tsokar don a tabbatar da nau'in, shi ma da kuɗinsa daban. A nan keken ɗinkina na farko ya tafi. Ranar da muka koma, likitan ya ce limfoma ce, wato dajin kaluluwa, nau'in da ake kira Hodgkin. Hoton siti sikan ya nuna ta sauka ƙirji har ta taɓa saifa, mataki na 3 cikin 4.

Na tambaye shi, "Likita, ni da ban taɓa wasa da magani ba, ta yaya?" Ya ce maganin HIV yana rage haɗarin wasu nau'o'in daji sosai, amma wannan nau'in yakan fi samun masu HIV ko da suna shan magani, kuma yana da alaƙa da wata ƙwayar cuta mai suna EBV da kusan kowane baligi ke ɗauke da ita ba tare da ta dame shi ba. Sai ya faɗi maganar da na riƙe har yau. Ya ce wannan daji yana cikin waɗanda suka fi jin magani. A ƙasashen da suka ci gaba mafi yawan matasan da suka kamu da shi warkewa suke yi, kuma mai HIV da ke shan maganinsa yana warkewa kusan daidai da wanda ba shi da ita. Ya ce, "Matsalar ba ciwon ba ce, Hajiya. Ku faɗa mini gaskiya, za ku iya kaiwa ƙarshe? Don farawa a tsaya yana da nasa haɗarin." Goggo ta ce, "Ranka ya daɗe, rubuta. Allah yana nan."

Abin da ya rubuta shi ne kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, haɗin magani huɗu da suke kira ABVD. Ana sa shi ta jijiya duk bayan mako biyu, sau 12, wato wajen wata shida in ba a samu tsaiko ba. Kafin a fara sai an duba zuciya, don ɗaya daga cikinsu yana iya taɓa ta. Kafin kowane zama kuma sai an auna jini. Ya tambayi wane maganin HIV nake sha, na ce TLD. Ya ce na yi sa'a, da a ce ina kan layi na biyu, wato haɗin da ake komawa in na farko ya daina aiki, mai ritonabir a ciki, da sai an canza, domin yana sa ɗaya daga magungunan kemo ya taru a jiki ya yi illa. Ba wanda ya rubuto masa wannan daga sashenmu, shi ma ba wanda ya rubuta wa. Ni ce nake ɗaukar takardu a jaka daga wannan gari zuwa wancan, ni nake faɗa wa kowane ɓangare abin da ɗayan ya ce.

Mun fara a daidai lokacin da komai ya tashi. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kuɗin mota zuwa birni ya ninka. A watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 700, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Maganin kemo daga waje ake shigo da shi. Farashin da muka saya a zaman farko bai sake dawowa ba. Wani lokaci babu shi a kantin maganin asibiti, sai Yaya ya shiga gari yana bin manyan shaguna da takarda a hannu, da fargabar kada a haɗa shi da jabu. Wasu daga cikin kwalaben ba sa son zafi, sai a sanyi. Kular da Goggo ke zuba kunun azumi ita muka riƙa cikawa da ƙanƙara, a sa kwalaben a leda a tsakiya, Yaya ya rungumo ta a kan babur.

Ɗakin kemo kujeru ne a jere, kowa da ƙarfen rataye ruwa a gefensa. Akwai mai dajin mama, akwai tsoho, akwai ɗan makaranta. Za a nemi jijiya a sa kanula. Na farko ja ne wur, a sirinji yake, sista takan zauna kusa ta tura shi a hankali tana kallon hannuna, don in ya zuba a wajen jijiya yana cin nama. Bayansa fitsari yakan yi ja, abin da ya tuna mini watannin da na yi ina shan maganin tibi. Na ƙarshe shi ne mai wahalar, dakabazin. Ba ya son haske, sai a lulluɓe ledar ruwan da baƙar leda. Yana shiga yana ƙuna tun daga bayan hannu har kafaɗa. Goggo takan jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta ɗora mini tana karanta Ƙulhuwallahu ƙasa-ƙasa. Daren ranar kuwa amai ne. Babban tsorona shi ne ƙwayar maganin HIV ɗina ta dare. Nakan jira cikin ya ɗan lafa, in haɗiye ta da kurɓin ruwa, in kwanta ban motsa ba. In aman ya zo sai in haska tocila in duba ko ta fito, in na gan ta in sake shan wata.

A bangon fayil ɗina akwai haruffa uku da aka rubuta da jan biro, masu nuna ina da HIV. Kowane ma'aikaci ya san ma'anarsu. Akwai wadda da ta gani sai ta ƙara safar hannu a kan ta farko, ta bar ni sai kowa ya gama, ko da ni na riga zuwa. Wata rana ta faɗa da ƙarfi a gaban mutane cewa a yi hankali da allurar waccan. Matar da ke kusa da ni ta janye kujerarta. Akwai dokar da ta hana nuna wa masu HIV wariya tun 2014, amma mara lafiyar da kanula ke hannunta ba ta da bakin kawo zancen doka. Ba duka ne haka ba, Allah ya sani. Akwai wata sista babba da in ta ga jijiyata ta ɓuya takan ce, "Kawo hannun, ƙanwata," ta riƙe shi cikin nata tana murzawa har ta fito. Allah ya saka mata da alheri, ya raya mata zuri'a.

Wajen tsakiyar zango kuɗi suka ƙare. Tumakin Goggo sun tafi, 'yan kunnenta na zinare sun tafi, adashinta ta kwashe tun kafin lokacinta. Jinina ya yi ƙasa, aka ce sai an yi ƙari, Yaya ya bayar, aka kuma rubuta wata allura mai tsada ta tayar da fararen ƙwayoyin jini. Ranar zama ta zo ba mu je ba. Ta gaba ma ta zo ta wuce. Na riƙa duba wayata. Na saba tun ina yarinya in ban je asibiti ba a neme ni. Ba wanda ya kira. Ba mugunta ba ce, babu wanda aka ɗauka aiki don wannan, babu kuɗin kati, babu rajistar da wani zai buɗe ya ga ba ni. A cikin makonnin nan ne wayar ta yi ƙara, ashe daga sashenmu na gida ne, suna tuna mini lokacin gwajin jini ya yi.

Mun ji labarin asusun tallafa wa masu ciwon daji na gwamnatin tarayya. Abu ne mai kyau, na ga waɗanda ya taimaka wa. Sai dai da nau'i uku ya fara: na mama, na bakin mahaifa, da wanda ke kama maza a ƙasan mafitsara. Nawa ba ya ciki.

Sai aka ba mu shawarar abin da kowa ke yi yanzu, a nemi taimakon jama'a a rediyo ko a Facebook da TikTok. Wata gidauniya ta amsa. Sharaɗinsu shi ne za su zo su ɗauki bidiyona, a nuna fuskata da wuyana, a kuma nuna takardar likita a gaban kyamara don masu bayarwa su tabbata ba damfara ba ce. Ban ga laifinsu ba, an sha cutar mutane. Amma layin farko na takardar nan ba daji ya ambata ba. Na zauna na yi lissafi. Matan da ke kawo mini ɗinki, nawa ne za su sake bari in auna su? Ƙuli-ƙulin Goggo wa zai saya? Matar da Yaya ke nema, iyayenta za su ba shi? Sirrin da tsohuwar nan ta riƙe tun ina shekara bakwai zai tafi a bidiyon minti biyu, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka. Mai daji kaɗai yana iya fitowa ya yi kuka jama'a su tausaya. Mu kuwa ko roƙon ma an rufe mana ƙofarsa. Na ce wa Goggo ba zan iya ba. Ta ce, "Ko kin yarda ni ban yarda ba."

Gonar da ta gada a wurin kakanmu ita ta bayar jingina. Sannan ta yi abin da ban zata ba, ta saka mayafinta ta tafi wurin limamin unguwarmu bayan Isha'i, ta faɗa masa komai, har da abin da ba ta taɓa faɗa wa ɗan'uwanta na jini ba. Malam ya yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, kin ɗauki wannan ke kaɗai duk shekarun nan?" Ranar Juma'a ya yi magana a kan marainiya mara lafiya da ke bukatar taimako, bai faɗi suna ba, bai faɗi gida ba. Ya kuma je da ƙafarsa wurin wasu 'yan kasuwa biyu ya karɓo zakka. Da wannan da kuɗin gona na koma. Likita bai ji daɗin tsaikon ba, ya ce mu yi fatan ciwon bai samu sarari ba, muka ci gaba har na gama a 2024. Hoton da aka yi bayan nan bai nuna komai ba. Na yi sujada a barandar asibiti.

Akwai wanda nake so a sani, ko da ba zan kira sunansa ba. Yaro ne a ƙungiyarmu ta Asabar, na girme shi da shekara uku, maraya ne kamar ni, ruwa yake turawa a kura. An yi ta yawo da shi tsakanin dangi, maganinsa ya yanke na wani lokaci, da ya dawo aka sa shi a layi na biyu, ya kuma riƙe da gaske. Wasu baƙaƙen tabo suka fito masa a ƙafa, ƙafar ta kumbura ta yi tauri, daga baya har a dasashinsa. Dajin Kaposi ne, wanda wata ƙwayar cuta mai suna HHV-8 ke haddasawa in garkuwar jiki ta yi rauni, kuma yana cikin waɗanda suka fi kama masu HIV a Afirka. In ya yi nisa maganin HIV kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da kemo. Wani bincike da aka yi a wasu ƙasashen Afirka da Brazil, aka fitar a 2020, ya nuna maganin da ake kira fakilitaksel ya fi tsofaffin haɗin da aka saba ba talakawa aiki. An rubuta masa shi. Ya samu ya fara, tabon suka soma lafawa, har ya turo mini hoton ƙafarsa ta shiga takalmi. Daga nan kuɗi suka ƙare. Shi ba shi da Goggo, ba shi da gona. Ya koma ɗakin kawunsa, abin ya sauka masa a huhu. Ya rasu ina tsakiyar nawa maganin, ban ma samu zuwa gaisuwa a ranar ba. Gwajinsa na ƙarshe a sashenmu ya nuna ƙwayar HIV ta kwanta a jininsa. A rajista yana cikin waɗanda aka yi nasara a kansu. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran da suka kamu da daji suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. Tun 2018 ta sa burin a kai kashi 60 nan da 2030. In na ji irin wannan lissafi shi nake tunawa. An kashe kuɗi a kansa tun yana ƙarami, an ba shi magani, an bi shi gida, an auna jininsa, don ya rayu. Ya rayu ɗin, ya kai shekarun da ake fara cin moriyar mutum, sai aka bar shi a hannun ciwon da yake da magani. Ni a ganina wanda ya ɗauki nauyin riƙe mu da rai bai gama aikinsa ba in ya tsaya a ƙwaya ɗaya.

Kuma na san haɗa abin biyu mai yiwuwa ne, don na ga an fara. Mace mai HIV ta fi wadda ba ta da ita haɗarin kamuwa da dajin bakin mahaifa har ninki shida. Saboda haka yanzu a sashenmu ana duba matan da suka kai shekara 25, a nan cikin ɗaki ɗaya, ranar karɓar magani, ba tare da an biya ba. A watan Oktoban 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan daji, kyauta a Najeriya, duk da jita-jitar da aka yi ta yaɗawa a kansa. In an iya wannan, me zai hana a koya wa ma'aikatan sashen su taɓa wuya da hammata, su leƙa baki, su duba ƙafa? Me zai hana a ce duk wanda ya yi wata biyu a kan maganin tibi kaluluwarsa ba ta motsa ba, a ciro ta a duba, kuma kuɗin ciron ya shiga cikin abin da ake ɗauke mana? Wanda ke kiran waya in mun tsallake karɓar ƙwaya, a ba shi sunayenmu in an tura mu kemo. Bai fi ƙarfin kowa ba.

A watan Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, na ga tsoro a fuskar yaranmu irin wanda ban taɓa gani ba. Wasu ma'aikatan da muka saba da su aka ce su zauna a gida. Wani yaro ya tambaye ni ko ya fara raba ƙwayarsa biyu don ta daɗe, na ce kul. Magani dai bai yanke mana ba, amma mun gane cewa ko ɓangaren da muke ganin tsayayye ne, a kan aro yake tsaye. Gwamnatocinmu, na tarayya da na jiha, su ne ya kamata su ɗauki wannan kaya, mu 'ya'yansu ne.

'Yan'uwana masu shan magani irina, in kun ji kaluluwar da ba ta ciwo kuma ta ƙi tafiya, ko kuka ga baƙin tabo a fata ko a baki, ko jinin da ba na al'ada ba, ku faɗa, ku kuma sake faɗa in ba a ji ba. In an tura ku sashen daji kada ku ɓoye wa likitan cewa kuna shan maganin HIV, ku kai masa kwalbar ya gani da idonsa. Kada kuma wahalar kemo ta sa ku ajiye ƙwayarku, ita ce ke riƙe garkuwar da za ta ɗauki kemon. Ƙarfe bai fantsama mini daji ba, shi ya nuna mana sunan abin da ke cina.

Yanzu gashina ya dawo, al'adata ta dawo, na samu keke na haya ina ɗinki a zauren gidanmu. Hannuna na hagu jijiyoyinsa sun ƙandare, ba a samun jini a nan. Ina komawa birni a duba ni lokaci-lokaci, likita ya ce sai an shekara biyar ana bibiya kafin hankali ya kwanta sosai. Gonar Goggo tana hannun mai jingina har yanzu, ni da Yaya muna tarawa kaɗan-kaɗan.

A ƙungiyarmu mun buɗe ɗan asusu, kowa yana jefa abin da ya samu ranar Asabar, don kuɗin mota da na gwajin tsoka kawai, ba mu kai ga na kemo ba. Wadda za ta fara amfana yarinya ce 'yar shekara 16, wata huɗu ke nan tana shan maganin tibi, wuyanta sai ƙara girma yake. Na raka ta wurin likita, an rubuta takardar zuwa birni, kuɗin ya kusa cika. Abin da ya rage shi ne baffanta, ya ce ba za a sa wa 'yarsa wuƙa ba. Goggo ta ce ita za ta je ta same shi ranar Juma'a bayan an sauko, ta ce in sa ɗankwalin da zai bar tabon wuyana a fili in biyo ta. Ku sa mu a addu'a Allah ya sa ya amince.